Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

A wannan mako zan ɗan jingine maganar siyasa da ta majalisa, mu leƙa kicin. Na san wani zai ce me ya kai ɗan jarida ɗakin girki, alhali ga manyan al'amuran ƙasa suna jiran a tattauna su. To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin abin da na tarar a ƙarƙashin wurin wanke-wanken gidana ya shafi aljihun duk magidancin da ke sayen wutar lantarki, ya kuma shafi lafiyar iyalinsa.

YADDA NA GANO RAMIN

Ina zaune ne a gidan haya a Gwarinpa, cikin birnin tarayya Abuja. Tun shigowar hunturun da ya wuce uwargida take yi mini ƙorafi a kan abu guda. Ta ce tukwanen da ta wanke da daddare ta jera cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin famfon kicin, kafin gari ya waye sun yi furu-furu da ƙura kamar an kwana da su a tsakar gida. Ta ce kuma kyankyasai sun ƙi ƙarewa, duk da maganin feshin da muke saye kowane wata. Ni kuwa na ɗauki maganar da wasa, na ce hazo ne, kowa ma haka yake fama.

Ran nan da asuba na shiga kicin domin in ɗora ruwan zafi, sai na ji iska mai sanyi tana busa mini ƙafafu, alhali taga a rufe take, ƙofar baya kuma da sakata. Na durƙusa na buɗe kabad, na janye bokitai da kwalaben sabulu, sai ga hasken fitilar waje yana shigowa ta jikin bango. Ashe daidai inda bututun ruwan wanke-wanke ya ratsa bango ya fita, akwai rami wanda dunƙulen hannuna zai shige ba tare da ya gogi bulo ba. Wanda ya sa bututun ya fasa bango da kurfi da guduma, ya zura bututunsa, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Kafinta ya zo daga baya ya rufe wurin da katako mai ƙyalli, shi ke nan magana ta mutu. Da na kira uwargida na nuna mata, abin da ta ce kawai shi ne, "Maigida, ai na faɗa maka, amma ka ce hazo ne." Na rasa bakin magana.

Bayan sallar isha'i na ba maƙwabta labari a ƙofar masallaci, aka yi ta dariya. Amma kafin mako ya zagayo, fiye da mutum guda ya tare ni ya ce shi ma ya duba ya tarar da irin nasa, wani a kicin, wani a bayan masai, wani kuma inda aka huda bango aka shigo da bututun iyakwandishan.

Ba abin mamaki ba ne. Rukunin gidajen Gwarinpa an gina shi ne a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, wanda ya riƙe ƙasa daga 1993 zuwa 1998, yana kuwa cikin rukunan gidaje mafiya girma a Nijeriya. Daga wancan lokaci zuwa yau gidaje da yawa sun sauya hannu, an ƙara ɗakuna, an mai da baranda kicin, an canja famfo, an jawo sabuwar waya. Kowane ma'aikaci ya zo sai ya huda inda ya ga dama, kaɗan ne kuwa daga cikinsu suke komawa su toshe. Bugu da ƙari, bulon siminti da muke gini da shi, mai inci shida ko tara, cikinsa kogo ne. Idan aka fasa shi ba a cike ba, to, an buɗe hanya ke nan wadda iska da ƙwari za su riƙa yawo a cikin bangon kansa.

LISSAFIN ALJIHU

Yanzu bari mu zo ga maganar kuɗi. A ran 3 ga Afrilu 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, watau NERC, ta ba da sanarwar ƙarin kuɗin wuta ga mutanen da ke Rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar da ba ta gaza sa'a 20 ba a kowace rana. Yunit ɗaya ya tashi daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225. A watan Mayu na wannan shekara aka sauko da shi zuwa naira 206.80, sa'an nan a watan Yuli aka mai da shi naira 209.50. Kafin wannan kuma, a ran 29 ga Mayu 2023, an janye tallafin man fetur, saboda haka wanda ya ce zai guje wa mita ya fake da janareta, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin wanda aka fi sa wa a falo da ɗakin kwana, yakan ci kimanin yunit ɗaya ko fiye da haka kaɗan a cikin sa'a guda, muddin injinsa na juyawa. A ce ya yi sa'a takwas yana aiki a dare ɗaya, bisa farashin watan Yuli 2024 ya ci naira 1,676 ke nan. A kwana 30 kuwa ya ci naira 50,280. A tuna fa, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 ɗin naira 70,000 ne. Watau na'ura ɗaya a ɗaki ɗaya tana iya lashe fiye da kashi biyu bisa uku na albashin ƙaramin ma'aikaci.

To, ina ruwan ramin kicin da wannan lissafi? Ga yadda abin yake. An ƙera iyakwandishan ne yadda idan ɗaki ya yi sanyin da aka nema, injinsa zai tsaya ya huta, ko ya rage gudu, har sai zafi ya soma dawowa. Hutun nan nasa shi ne sauƙin da mita ke samu. Iska mai sanyi kuwa ta fi mai zafi nauyi, saboda haka ƙasa take kwanciya, ta yi ta malala kamar ruwa tana neman mafita. Sai ta bi ta ƙarƙashin ƙofar falo ta shiga kicin, ta bi ta ramin bayan kabad ta fice waje. Duk kuwa gwargwadon wadda ta fita, gwargwadonta mai zafi ce za ta shigo ta saman taga ko ta kafofin silin ta maye gurbinta. Ke nan injin ba shi da ranar hutu, kamar mai ɗiban ruwa da kwando.

Idan akwai fankar da ke zuƙe hayaƙi a kicin, sai a ce abin ya juya: tana tura iska waje, iskar waje kuma tana tsotsowa ciki ta kowace kafa da ta samu, ciki har da ramin da ke kusa da kwata. Da damina kuwa iskar da ke shigowa a jiƙe take, na'urar sanyaya ɗaki tilas ta kashe ƙarfi wajen tsane raɓar kafin ta sanyaya ta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja kan haura digiri 35 da rana, abin sai wanda ya gani.

Kada a raina kafa don ƙanƙantarta. Ƙofa mai faɗin santimita 90, idan tsakaninta da daɓe akwai tazarar santimita ɗaya tak, in aka tattara wannan tsaga wuri guda ta yi daidai da rami mai faɗin kusan santimita 11, watau ya fi tafin hannu. Wa zai yarda a huda masa irin wannan rami a bangon falo ya zuba ido? Amma ga shi muna kwana da shi a ƙarƙashin ƙofa.

Ba na son in yaudari kowa. Toshe ramin wurin wanke-wanke shi kaɗai ba zai raba kuɗin wuta biyu ba. Rufin kwano da ba a sa masa abin tare zafi ba, da manyan tagogin gilas masu fuskantar yamma, sun fi shi ɗora wa gida zafi nesa ba kusa ba. Amma waɗancan gyara ne na mai gida mai kuɗi, wannan kuwa gyara ne da ɗan haya zai yi da hannunsa a yini guda. A ce duk toshe-toshen da aka yi sun sa injin ya huta sa'a ɗaya kacal cikin takwas ɗin nan, an tsira da naira 6,285 a wata. Da sannu-sannu kwana nesa, kuma da ɗigo tulu ke cika.

HIKIMAR MAGABATA

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, kakanninmu da ba su san mita ba sun fi mu sanin wannan ilmi. Maginan ƙasar Hausa suna yin bango da tubali da ƙasa mai kauri, su ɗora azarar giginya, su shafe da makuba, su bar 'yan ƙananan tagogi can sama. Kaurin bangon yakan riƙe zafin rana, bai kai ciki ba sai dare ya yi, lokacin da ake bukatarsa. Shi ya sa soro yake da sanyi da bazara, yake kuma da ɗumi da hunturu. Wanda ya taɓa zama a zauren tsohon gida a cikin birnin Kano ko Katsina da tsakar rana ya san gaskiyar wannan magana. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin ƙarni na 19, har yanzu masana gine-gine suna zuwa su yi nazarinsa.

Sa'an nan mutanen da ba su barin gida haka nan. Kowace shekara akan yi yaɓe, a bi tsaga a cike, a gyara indararo kafin ruwa ya sauka. Ina tunawa kakata, Allah ya ji ƙanta, ba ta kwanciya sai ta tura dutse ta toshe bakin rariya, don kada gafiya ko maciji su shigo. Mu kuwa mun koma ginin siminti muka ɗauka shi ba ya bukatar kulawa, muka bar rariya a buɗe a cikin ɗakin da muke ajiye abinci.

Turawa ma ba da son ransu suka koyi wannan darasi ba. Sa'ad da ƙasashen Larabawa suka hana su mai a 1973, farashi ya yi tashin gwauron zabo, sai suka waiwayi gidajensu. A 1976 gwamnatin Amurka ta kafa shiri na musamman na taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su toshe kafofin iska a gidajensu. Su abin da ke damunsu shi ne ɗumin da suka saya kada ya fice, da kuma ruwan cikin bututun kicin kada ya daskare ya fasa shi. Mu kuwa sanyin da muka saya ne yake gudu. Ciwon ɗaya ne, maganin ma ɗaya.

BA KUƊI KAƊAI BA NE

Wani zai ce shi ba shi da iyakwandishan, fanka kawai gare shi, saboda haka maganar ba tasa ba ce. Ko kusa. Ramin da iska ta bi, ɓera ma zai bi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke cikin Jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera ne yake ɗauke da shi, yana kuwa kama mutum ne idan fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa abinci ko kwanon da ake ci a ciki. Ya fi yaɗuwa da rani, daidai lokacin da ɓeraye ke barin daji da bola suna neman abinci a gidaje. Ma'aikatan lafiya kullum suna jan kunne a rufe abinci, a kuma toshe hanyoyin shigar ɓera. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ne muke bar masa ƙofa a buɗe, a gefen ruwa da ragowar tuwo. Ga kuma ƙurar hunturu da ke ta da wa masu asma ciwo, ga kyankyasai masu tasowa daga kwata su hau kan faranti.

YADDA ZA A TOSHE

Aikin ba wuya gare shi ba, amma yana da tsari. Da farko a kwashe duk abin da ke cikin kabad, a haska da tocila, a bi kowane bututu zuwa inda ya shige bango ko daɓe. In da rana ne a rufe taga a kashe fitila, hasken waje zai tona asirin ramin. Inda ido bai gani ba, a riƙe siririn zare ko 'yar takarda mai laushi kusa da wurin. In ta motsa, akwai iska. Kada a gwada da ashana ko kyandir a ɗakin da ake girki da gas.

Na biyu, in akwai yoyo a gyara shi tukuna, a bar wurin ya bushe. Wanda ya toshe rami a kan yoyo ya ɓoye ciwo ne, bango zai jiƙe daga ciki, katako ya ruɓe.

Na uku, a dubi girman ramin. In babba ne, a fara cusa ragar waya ko soson ƙarfe irin wanda ba ya tsatsa, domin shi ɓera ba ya iya gurgurarsa. Sa'an nan a kwaɓa siminti kwano ɗaya da yashi kwano uku, a yayyafa wa bulon ruwa, a cike ciki da waje. Yana da kyau a naɗe bututun da ɗan yankin roba kafin a yaɓa, don ranar da za a canja shi kada a sake fasa bango. In tsagar matsakaiciya ce, akwai kumfar feshi ta gwangwani da ake sayarwa a shagunan kayan gini, a kasuwar Dei-Dei da sauran wurare. Tana kumbura ƙwarai, saboda haka kaɗan ake fesawa, a sa safar hannu, a buɗe taga, a nisanta ta da wuta. In ta bushe a yanke abin da ya yi tudu, ta ɓangaren waje kuma a rufe ta da siminti ko fenti, domin rana tana cinye ta, ɓera kuma yana iya huda ta in babu waya a bayanta. Siririyar tsaga kuwa, kamar tsakanin kwanon wanke-wanke da tayil, silikon ya ishe ta.

Na huɗu, a duba bututun da ke ƙarƙashin kwanon. Ya kamata a ga yana da gwiwa, watau lanƙwasa wadda ruwa ke kwanciya a cikinta kullum. Wannan ɗan ruwa shi ne yake tare warin kwata da ƙwari. Wasu masu gyaran famfo sukan zura roba miƙe kawai su tafi. In haka ne a sa a canja.

Daga nan sai a bi sauran gida: a sa roba a ƙasan ƙofar da ke tsakanin falo da kicin, a toshe inda bututun iyakwandishan ya ratsa bango, a gyara gilashin taga da ya zame. Firji ma a matsar da shi daga jikin murhu, a bar masa fili a baya ya sha iska. A maƙale takarda a ƙofarsa a rufe; in ta zare ba tare da an ja da ƙarfi ba, robar ƙofar ta mutu.

GARGAƊI

A nan ina roƙon mai karatu ya natsu. Cewa a toshe ramin da aka manta da shi ba yana nufin a toshe kicin ruf ba. Wuta tana bukatar iska, mai girki ma haka. Tagar kicin da kafofin da magini ya bari da gangan don shan iska, kada a taɓa su. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake taruwa, saboda haka kada a kuskura a ajiye tukunyar gas a cikin rufaffen kabad, balle wanda aka toshe duk kafofinsa. Wurinta waje ne, a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Haka kuma gawayi da janareta ba a kunna su a rufaffen wuri, domin hayaƙinsu yana ɗauke da gubar da ba ta da launi ba ta da wari, ta kuwa sha kashe iyali guda cikin barci a ƙasar nan. Garin neman gira kada a rasa ido.

ALHAKIN WA?

Ni na toshe nawa da siminti kaɗan da na saya a kwano, da soson ƙarfe biyu, bayan na sanar da mai gidan. Ƙura ta daina hawa tukwane, kyankyasai sun ragu ƙwarai, gida ya zauna lafiya. Amma tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, don me za a miƙa wa mutum makullin gida, ya biya kuɗin hayar shekara cur, alhali bangon a huje yake?

A 2017 Ma'aikatar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, a lokacin Minista Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da ƙa'idar gini mai tattalin wuta, wadda ta yi magana a kan girman tagogi, da inuwa, da tare zafin rufi, da fitilu, da na'urorin sanyaya ɗaki. Abu ne mai kyau, amma ƙa'ida a takarda ba ta sanyaya ɗaki. Muna kira ga hukumomin da ke ba da izinin gini, a Abuja da jihohi, su riƙa bin gida suna dubawa kafin a tare. Muna kira ga ƙungiyoyin magina da na masu gyaran famfo su koya wa yaransu cewa aiki bai ƙare ba sai an mai da bango yadda aka same shi. Masu gidajen haya kuma su ji tsoron Allah, su tuna gyaran da suka ƙi yi da kuɗi kaɗan, ɗan haya ne yake biyansa kowane wata a bakin mita. Tun ran gini ran zane.

Kai kuma mai karatu, in ka ba mai aiki kwangila, kada ka cika masa kuɗinsa sai ka durƙusa ka leƙa bayan kabad da idonka. In kuwa aikin ya riga ya wuce, to, yau in ka koma gida ka ɗauki tocila ka duba. In uwargida ta ce maka ƙura na shigowa, kada ka ce mata hazo ne.

Allah ya sa mu dace, ya kuma tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.